Ɗanku ko ƙanwarku na karatun likita? Ga yadda za ku riƙe su kar karatun ya cinye su

Duk gidan da yaro ya samu gurbin MBBS, wato digirin likitanci, ko a ABU ne ko BUK ko Ɗanfodiyo Sakkwato ko Maiduguri, to daga ranar an canza masa suna, kowa Dakta Dakta, har kakarsa ta fara kawo masa ƙarar ciwon gwiwa alhali yaron nan yana ajin farko yana ta fama da kemistiri da fiziks, ko ƙofar asibitin koyarwa bai taka ba tukunna. Murnar kam halal ce ba mai hanawa. Inda gizo ke saƙar shi ne daga nan sai mutanen gida su ɗauka an gama, abin da ya rage kuɗin makaranta ne da addu'a, shi kuma yaron a bar shi da shekara shida na karatun da ko babba aka ɗora wa sai ya ji a jikinsa.

A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta Amurka ta fitar da wani babban nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe 47, aka samu kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamominsa, kusan kashi 11 tunanin kashe kai ya taɓa zo musu, kuma cikin masu damuwar waɗanda suka je ganin likita ba su kai kashi 16 ba. Ku lura da na ƙarshen nan. Yaran da ke kwana su tashi a cikin asibiti, likitan ƙwaƙwalwa na koyar da su, su ne ba sa zuwa a duba su. Don haka wanda ya zauna yana jiran sai yaro ya buɗe baki ya ce "ina cikin matsala" to zai daɗe yana jira.

Sauƙin da ke cikin lamarin guda ɗaya ne, wuraren da yaran nan ke karyewa sanannu ne, kusan kowace shekara wuri ɗaya ne, kuma ana iya sanin lokacinsu tun kafin su zo. Aikinku ku riga matsalar isa wurin.

Ku san tsarin karatun tukunna

Wallahi iyaye da yawa ba su san me ɗansu ke karantawa ba banda "likita". Ku zaunar da shi in ya zo hutu ya zayyana muku. A taƙaice dai ajin farko kimiyya ce zalla, daga aji biyu zuwa uku ake shiga anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, a ƙarshensu a yi babbar jarabawar nan da yara a makarantu da yawa ke kira sakan MB, wadda ita ce ƙofar shiga asibiti. Wanda ya tsallake sai ya koma asibitin koyarwa, 'yan ABU su bar Samaru su koma Shika, 'yan BUK su koma asibitin Malam Aminu Kano, can kuma a tarar da fatoloji da famakoloji, sai ɓangaren yara da na mata da haihuwa, sai a ƙare da medisin da tiyata. Makin ci 50 ne, ba 40 ko 45 irin na sauran sassa ba. Wanda ya faɗi wani darasi a ba shi damar sake rubutawa bayan 'yan watanni, rizit kenan, wanda ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, in aka ƙara a sallame shi daga sashen. Ƙa'idar ta ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, shi ya sa nake cewa babban wa ko uba ya karɓi littafin dokokin kwalejin ya karanta da kansa, kar a jira sai ranar da rizol ya fito ana kuka sannan a fara tambayar menene doka.

Ku rubuta ranakun manyan jarabawar nan a wayarku. Wata biyu kafin kowace, da sati biyu bayan fitowar rizol, nan ne za ku ƙara kusantar yaron.

Sannan don Allah a daina tambayar "wai yaushe za ka gama ne?" a gaban mutane. A 2020 ASUU ta yi wata tara tana yajin aiki ga korona a kai, a 2022 ta ƙara wata takwas, in kuma likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga nasu yajin to karatun 'yan asibiti ma ya tsaya tunda babu marasa lafiyar da za a koya a kansu. Shekara shida ta koma bakwai ta koma takwas, sa'anninsa da suka karanta wani abin sun yi bautar ƙasa, wasu sun yi aure har da goyo, shi yana nan da jaka a baya. Ya fi ku sanin ya daɗe, ba sai an tuna masa a wurin suna ba. Su kuma yaranmu na Kano da Jigawa da sauran jihohi da yaƙin Sudan ya koro daga Khartum a watan Afrilun 2023, waɗannan nauyinsu biyu ne, ga abin da suka gani a hanya ga karatun da ya katse aka yi ta neman inda za a cusa su, wasu har aka mayar da su baya, su a yi musu uzuri ninki biyu.

Yadda ake kiran waya

"Ya karatu?" "Alhamdulillah." An gama, an kashe waya, ba a san komai ba. Wannan gaisuwa ce kawai. In kana son ka san halin da ƙaninka ke ciki ka tambayi abin da yake da amsa ɗaya tak: jiya ƙarfe nawa ka kwanta, yau me ka ci tun safe, yaushe rabonka da fita daga hostal in ba lakca ba, wa kuke karatu tare, nawa ya rage a hannunka. Yaron da ya ce maka kwana uku indomi kawai yake ci kuma ba ya runtsawa sai bayan asuba ai ya gaya maka komai ko da ya rufe da alhamdulillah.

A sa rana ɗaya a sati, misali bayan sallar Juma'a ko daren Lahadi, ya san za a kira, kuma a kira ɗin. Minti goma ya isa. Kuma ba kowane kira ne na karatu ba, ku ba shi labarin gida, wa ta haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa, ku yi gardamar ƙwallo, ya ji cewa ana kiransa ne don shi ɗan gidan ne.

In ya fara ƙorafi, wai wani kwansaltan, wato babban likitan da ke koyar da su, ya tsinka shi a gaban marasa lafiya da nas-nas a lokacin zagayen wod, ya ce masa bai dace da likita ba gara ya koma kasuwa, to ku ƙyale shi ya kai aya. Kar ku yi saurin cewa "ai haka kowa ya yi, ka yi haƙuri", ya san da haƙurin, shi yake yi tun safe. Ku ce masa kai wannan bai kyauta ba, me ya faru daga nan, kai ya ka ji. Shikenan fa. Yawancin lokaci ba shawara yake nema ba, so yake wani ya yarda cewa abin da zafi. Ni dai a ganina wannan al'adar ta wulaƙanta ɗalibi da sunan horo ba ta taɓa ƙara wa kowa ilimi ba, tsoron tambaya kawai take koya wa yara, kuma likitan da ke tsoron tambaya shi ne mai haɗari.

Akwai ranaku biyu da ba a cika kula da su ba. Ranar farko a ɗakin gawa, yaro ɗan shekara sha takwas ko sha tara da aka taso da shi kan girmama mamaci, a wanke a suturta a binne cikin gaggawa, yau ga shi an miƙa masa wuƙa ya feɗe gawa don koyon sassan jiki, ga warin fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, da ke bin mutum har cikin abinci, wasu sai sun yi sati ba su iya cin nama ba, kuma kowa a ajin yana nuna shi bai damu ba. Sai kuma ranar da majinyacin da yake bi ya rasu a gabansa, musamman a wod ɗin yara ko ɗakin haihuwa, a ja labule a wuce gado na gaba kamar ba a yi komai ba. In ya ambaci irin wannan ko da a cikin wasa ne, ku tsaya a kai, ku yi wa mamacin addu'a tare, ku tambaye shi labarin.

Kuɗi

Wani abin da ake kira damuwa yunwa ce da bashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suka haukace, ɗalibin da ya koma asibiti kuma yana da kashe-kashen da sauran ɗalibai ba su da shi, farar riga, abin sauraren ƙirji, littattafai masu tsada, data, zirga-zirgar fostin, wato tura su sassa daban-daban don koyon aiki, har da na ƙauye, kuma ba shi da lokacin yin wata 'yar sana'a a gefe kamar sauran. Ko kaɗan ne ku tura a rana sananniya kowane wata, gara dubu goma da ya san ranar zuwanta da dubu talatin da sai ya yi ta roƙo yana jin kunya. In gida ba hali a taya shi cike bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara a 2024, suna biyan kuɗin makaranta kuma akwai naira 20,000 na kashewa a wata, a kuma bibiyi tallafin karatu na jiha. Yayye masu albashi ku raba nauyin tsakaninku ku gaya masa wa ke da alhakin me.

Gajiya ce ko ciwo ne

Kowane ɗalibin likita a gajiye yake, wannan ba labari ba ne. Gajiya in aka yi barci aka gama jarabawa aka zo gida aka ci tuwon Hajiya tana wucewa. Abin da za ku sa wa ido shi ne wanda ya kai sati biyu ko fiye bai ɗaga ba: kullum rai a ɓace ko kuma babu abin da ke masa daɗi har abubuwan da da yake so, barci ya lalace ko dai ba ya samu ko ya farka ƙarfe uku na dare ya kasa komawa ko kuma ya wuni a kwance, ya rame ko ya daina cin abinci, ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai shiga ba, ya fara gudun lakca da wod, ya daina ɗaga waya, ga maganganu irin su "ni ba ni da amfani", "na cuce ku kuna ta kashe kuɗi a banza". Mai yawan sallah a jam'i ka ga ya daina fitowa, mai tsafta ka ga ya bar kansa.

Mu kuma a nan sau da yawa ciwon ba da kuka yake zuwa ba, ta jiki yake fitowa. Kai na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jiki, ido na yaji da an buɗe littafi, ƙirji na bugawa. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta irin wannan a kan ɗaliban Najeriya, ba sabon abu ba ne. Sai a yi ta shan maganin maleriya da taifod zagaye uku huɗu ba sauƙi. In an yi gwaji an duba jini da maƙoƙo ba a ga komai ba, to a duba ɓangaren damuwa. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, shi kansa ya san ta ko zai santa a fostin ɗin ƙwaƙwalwa, tana intanet kyauta, minti biyar ake cikewa, in maki ya kai 10 ko sama to a ga likita. Ba ita ce ke yanke hukunci ba amma tana taimaka wa yaron da ke ta musu ya ga abin a rubuce.

A kula da abin da yake sha don ya yi karatun dare. Kofi da goro da lemon ƙara kuzari su ne farko, daga nan wani ya ce ga ƙwayar da ke hana barci, sai kuma a nemi wadda za ta sa barcin, diyazefam ko taramol ko sirof mai kodin wanda gwamnati ta haramta tun 2018 amma bai ɓace ba. Ɗan likitanci ya san sunan magani ya san awo, yana da abokai a famasi, don haka ya fi kowa sauƙin rubuta wa kansa magani, kuma ya fi kowa iya ɓoyewa. In kun gano, zagi da tonon silili a gaban dangi ba ya raba mutum da ƙwaya, asibiti za a je.

Wani abu kuma daban, shekarun nan na sha takwas zuwa ashirin da biyar su ne lokacin da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana. Yaro ya yi kwana uku huɗu ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, rabon kuɗi, ko ya ce ana bibiyarsa, ko yana jin muryoyi, wannan na gaggawa ne a ranar za a kai shi.

Maganar addu'a

Ba mai raba mu da addu'a, ku yi ruƙiya ku yi sadaka, wanda yake Kirista ya je wa fastonsa. Abin da nake roƙo kar a ce wa yaro rashin imani ne ko rashin tawakkali, wannan kalmar ta sa da yawa sun rufe bakinsu. Annabi Yaƙub alaihissalam baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A haɗa biyun, malam na yi likita na yi, kuma kar wani ya ce a ajiye maganin asibiti saboda an fara rubutu.

Inda za a kai shi, da abin da ke hana shi zuwa

Nan ne mutanen gida ba sa ganewa. Ka ce masa ai kana cikin asibiti ka je ka ga likita mana. To likitan ƙwaƙwalwar da zai gani shi ne malaminsa, wataƙila shi zai yi masa jarabawar baka baɗi, waɗanda ke zaune a kilinik suna ɗaukar bayanin marasa lafiya 'yan ajinsa ne ko na gaba da shi, fayil ɗinsa zai bi ta hannun mutanen da suka san fuskarsa. Tsoronsa na gaskiya ne, kar ku raina shi.

Mafita biyu ce. Ko dai a samu kwansaltan ɗaya da yaron ya yarda da shi a roƙe shi ya gan shi a ofis ba a ranar kilinik ba kuma ba ɗalibai a wurin, yawancinsu suna yin haka in an nema don sun san matsalar. Ko kuma a fita daga asibitin gaba ɗaya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai na Kware kusa da Sakkwato, akwai na Maiduguri, ga Dawanau a Kano, ga likitoci masu zaman kansu. Ɗan Shika ya je Kaduna, ba nisa. Na san sunan Dawanau ko Kware kaɗai yana tsorata mutane saboda yadda aka mayar da su abin zolaya, amma yawancin masu zuwa can ganin likita suke su karɓi magani su koma gida a ranar. Wani daga gida ya raka shi zuwan farko, ya zauna a waje in yaron ya fi son haka. Kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sirrin majinyaci da hana nuna masa bambanci, ku san da wannan ko da wani zai yi masa barazana.

In an ba shi magani irin su fuluwoksetin ko satralin, ku sani ba ya aiki a kwana biyu, sai an yi sati biyu zuwa shida kafin a ga canji sosai, kuma ana ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an ji sauƙi, ba a yankewa lokaci guda. Yaran nan da sun ji dama-dama sai su ajiye da kansu wai ai sun san famakoloji. Mutum ɗaya a gida ya riƙa tambaya, a hankali ba da tsawa ba. Sannan magana ta tsaya tsakanin mutum biyu ko uku, ba a sa ta a guruf ɗin dangi na WhatsApp.

In kuna tsoron zai cutar da kansa

Ku tambaye shi kai tsaye, "Auta, tunanin kashe kanka yana zo maka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, masana sun daɗe da tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi yake ji an samu wanda ya tambaya. In ya ce e, kar a fara da wa'azin wuta, ya san hukuncin, sanin ne ma ya sa ya ɓoye. Kar a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya, a kwashe magunguna da duk wani abu mai haɗari daga ɗakin, a kira abokin ɗakinsa ya zauna da shi kafin ku iso, a wuce ɓangaren gaggawa na asibiti mafi kusa a daren, in babu mota a gwada 112. Shi ya sa tun yau ya kamata a ce kuna da lambar abokansa biyu da ta wakilin ajinsu. Dokar Penal Code ta arewa a sashe na 231 ta mayar da yunƙurin kashe kai laifi, abin da ya sa iyalai ke rufa-rufa su ƙi zuwa asibiti, amma likita ba ɗan sanda ba ne, ku kai shi.

Ranar rizol

Wannan ita ce ranar da na fi tsoro. Ana liƙa lambobi a allo ko a turo a guruf, yaron da tun firamare shi ke zuwa na ɗaya, wanda bai taɓa sanin faɗuwa ba, ya duba ya ga rizit ko maimai. Tun kafin ranar, sati guda kafin a fara jarabawar ma, uba ko uwa su faɗa masa da bakinsu: ko ka ci ko ka faɗi nan gidanku ne, mu za ka fara kira. Yara da yawa sun ɓoye faɗuwa shekara guda cur suna karɓar kuɗin ajin da ba sa ciki saboda tsoron fuskar Baba, ƙaryar kuma ita ke cinye su fiye da faɗuwar.

In rizit ne, ba lokacin bincike ba ne na me ka yi da lokacinka. A ba shi kwana biyu ya huce, a cire masa duk wata hidimar gida da biki, a tura kuɗin abinci, a haɗa shi da wani na gaba da shi da ya taɓa yin rizit ya wuce, suna da yawa, har cikin manyan kwansaltan ɗin da yake tsoro. In maimai ne, abin da ya fi ciwo shi ne zama aji ɗaya da ƙannensa yana ganin abokansa sanye da farar riga, watan farko a kira shi kullum.

In kuma sallama ce, wani ya tashi ya je ya ɗauko shi, kar a ce ya hau mota shi kaɗai. A gida a ja kunnen kowa, ba zolaya ba "Dakta" na gatse, ba kwatanta shi da ɗan wane. Bayan ƙura ta lafa a zauna a duba sashen da za a mayar da shi, anatomi ko fiziyoloji ko bayokemistiri ko wani abin da ma can shi yake so, don a gaskiya wasu yaran ba su taɓa son likitanci ba, mu muka zaɓa musu saboda sun iya lissafi da bayoloji. Wanda ya zo da kansa ya ce ba zai iya ci gaba ba a saurare shi, amma in yana cikin ciwon damuwa a fara magani tukunna, a yanke shawarar bayan ya dawo hayyacinsa.

'Yan mata da matan aure

Nasu ya fi yawa. Ga karatun ga "har yanzu ba ki fitar da miji ba", ga samarin da ke gudu da sun ji saura shekara huɗu. Wadda aka yi wa aure tana aji huɗu kuma ga girki ga laulayi ga kwanan asibiti ga dangin miji masu ƙirga sau nawa ta zo gaisuwa. Maigida in ka auri ɗalibar likita ka san da wa ka yi, satin jarabawa a sayi abinci a waje ko a kawo daga gida, a samo mai riƙe jariri, kar ka tsiri rigima daren da za ta shiga jarabawar baka. Bayan haihuwa a sa ido sosai don damuwar bayan haihuwa gaskiya ce. In kuma ta ce wani malami ko babban likita na takura mata da maganar banza yana haɗawa da maki, a yarda da ita tun a karon farko, ta adana saƙonnin, namiji babba daga gida ya raka ta wurin shugaban kwaleji ko shugaban harkokin ɗalibai, a rubuce.

Ku 'yan ajin da malamai

Ku kuka fi kowa gani. Wanda ya ɓace daga wod kwana uku a je ɗakinsa a ƙwanƙwasa, sa masa hannu a takardar halarta ba taimako ba ne in ba wanda ya je ya ga idonsa. Ƙungiyoyinku na NiMSA da IMAN da MSSN da na Kiristoci su haɗa kowane sabon shiga da wani na gaba da shi. Malamai kuma akwai abin koyi a jami'ar Saint Louis ta Amurka, inda Dakta Stuart Slavin da abokan aikinsa suka rage cunkoson darussa suka mayar da sakamakon shekarun farko ci ko faɗuwa kawai ba jeren maki ba, damuwa ta ragu sosai a tsakanin ɗaliban kuma ƙoƙarinsu a jarabawa bai faɗi ba. Ko ba a kai can ba, fitar da jadawalin jarabawa da wuri da barin sati guda na hutu bayan kowace babba ba ya cin ko sisi.

In abin ya kai ga sai an huta, ana iya dakatar da karatu a hukumance na zango ko shekara. Likitan da ke duba shi ya rubuta rahoto, a kai cibiyar lafiya ta jami'a su tabbatar, a rubuta takardar neman dakatarwa ta hannun shugaban kwaleji, a karɓi kwafi mai hatimi a ajiye a gida. A yi wannan kafin jarabawa, don in ya ƙi shiga kawai ba takarda faɗuwa za a rubuta masa, kuma gyara wannan daga baya wahala ce babba. Kafin ya koma a je a ga mai kula da ajinsu a san da wane rukuni zai haɗu da kuma fostin ɗin da zai rama, sannan a karɓo masa ranar ganin likita ta gaba tun bai bar gida ba.